Lokutan da na gyara wa ɗalibin taurari

Rubutun hannunsa na fara gani kafin fuskarsa. Ina aiki a wani shagon buga takardu a Dutse, inda 'yan jami'a ke kawo aikinsu na shekarar ƙarshe, sai aka ajiye mini takardu a gefen kwamfuta, rubutu siriri mai ɗan karkata, irin wanda nake hasko wa samarin littattafan soyayya. Na ɗago kai na ga wani dogo, mutumin Miga, mai yawan kunya.

Aikinsa a kan wata duniya ne da ke zagaya wani tauraro mai nisa. Duk sanda ta gifta ta gaban tauraron, haskensa yakan ɗan ragu, sai a rubuta lokacin. Shafi guda cike yake da waɗannan lokuta.

A sana'armu, mai bugu ta kirki ba ta barin kuskuren ɗalibi ya wuce. Takan gyara shiru, ba ta kunyata shi. Da na lura tazarar lokutan ba ɗaya ba ce, nan ta makara da 'yan mintoci, can ta riga lokaci, sai na ce bawan Allah gajiya ya yi wajen kwafa. Na ɗauki kalkuleta na daidaita su tsaf, ina jin daɗin na yi masa abin da bai roƙa ba.

Ana saura kwana biyu ya kare aikin a gaban malamai, sai ga shi da bugun a hannu.

"Malama, wa ya taɓa mini lokutan nan?"

"Ni ce. Sun karkace, na miƙe maka su."

Ya zauna a benci ya dafe kai. "Ai karkacewar ita ce aikin. Da duniyar nan ita kaɗai ce, kullum a kan lokaci za ta gifta. Makarar nan da saurin nan su ne shaidar akwai wata duniyar kusa da ita, ba a ganinta, tana janta. Kin goge mini duniya guda, Malama."

Daga kwamfutar malaminsa ya kwafo lokutan, malamin kuma ya yi tafiya. Ɗalibin ya nemi takardunsa na hannu, maigidan shago ya ce tun Juma'a aka ba mai awara tsofaffin takardu, kamar kullum.

Ni kuwa na san inda shafin yake. Saboda rubutun nan na cire shi na ɓoye a cikin littafin da nake karantawa. Na ɗan jima ina auna kunyata da shekarar karatunsa, sannan na buɗe jaka na miƙa masa, kaina a ƙasa.

Maigida ya kalli bangon littafin, ya kalle ni. "Ashe ba mai awara kaɗai ke kwashe mana takardu ba."

Ɗalibin bai ma ji ba. Yana ta bin layukan da yatsa yana alhamdulillahi. Ya karanto, na buga, kowane minti na bar shi a karkacensa. Sai da na ga ya fita da sabon bugun sannan hankalina ya kwanta. Ya kare aikinsa lafiya, ya aiko mana da lemo.

Na yi wata biyu ina sauraren a yi sallama da mahaifina a gidanmu na Limawa, ba a yi ba. Bayan shekaru na ji yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Kiyawa, ya auri 'yar baffansa, har ya zama mataimakin shugaban makaranta.