Takalman da Manang Nenita ta saya

Shekara ashirin da biyu ina sayar da kunun shinkafa a ƙofar asibitin lardinmu, ban taɓa ganin Manang Nenita ta karɓi ko mangwaro ɗaya daga hannun majinyaci ba. Manang ɗin lakabin girmamawa ne a wurinmu, kamar a ce Yaya. Aikinta tsaya wa marasa lafiya. Ta raka su gaban likita, ta warware musu maganarsa, ta yi faɗa a kan takardunsu. Ita ce kuma ke riƙe da jerin yaran da ake turawa Manila aikin zuciya. Ba miji, ba ɗa, sai ɗakin haya da rediyo. Da rana a ƙarshen bencina take cin abinci, kuma da an fara hirar ciwon wane da wance sai ta ɗauki kwanonta ta matsa. A haka ƙawaye suka watse mata.

Sai ga Lorna, matar wani masunci, da jaririya mai rami a zuciya. Wata huɗu Manang na tare da su. A nan na fara jin dariyarta, ashe har da wushirya. Lorna ta sa wa yarinyar suna Nenita, sannan wata rana, a gabana, ta kama hannun Manang da hannu biyu.

"Manang, ke za ki tsaya mata uwar baftisma. Na riga na gaya wa fadan cocinmu."

Wannan roƙo ba a ƙinsa a wurinmu. Wadda ta riƙe yaro a coci ta zama dangi har kabari.

"Inday, ba zan iya ba," in ji Manang, ta kira ta yadda muke kiran ƙanwa. "'Yarki ce ta bakwai a jerin. In ta zama tawa, ran da aka kira ta iyayen sauran za su ce na tsallakar da ita. Ni ma ban yarda da hannuna ba in ta zama tawa."

"Ashe mu lamba ce a takardarki," in ji Lorna, ta saki hannun.

Da ta tafi na sauke wa Manang kwandon masifa. "Ke wace irin mace ce? An kawo miki 'ya har cinya kin ture. Takardar ce za ta yi miki jinya in kin tsufa?"

"Ƙara min kunu, Pacing," kawai ta ce. Amma ba ta sha ba.

Ni aka ɗauka a madadinta, ni da ban tsinana wa yarinyar komai ba sai kunu kyauta. Na riƙe ta a coci ina jin kunya. An yi mata aiki lokacin da layi ya zo kanta, babu uwar da ta ce uffan, kuma ta rayu. Duk zuwansu dubiya Manang ke shirya musu takardu tsaf. Lorna ta karɓa ta ce, "Na gode, ma'aikaciya," ta wuce. Wallahi kalmar nan ni take suka.

Bara Manang ta yi ritaya. Sati biyu kafin Kirsimeti ta zo rumfata, ta jira masu saye suka ragu.

"Lamba nawa take sawa yanzu?"

Ban tambayi wa take nufi ba, na faɗa mata. Washegari ta dawo da takalma jajaye a leda.

"Ki kai mata da kanki mana," na ce. "Yanzu ai babu jeri a hannunki."

"Uwarta za ta dawo min da su. Ki ce ke kika saya."

Ran da Lorna ta kawo ta dubiya, haka na faɗa. Yarinyar, shekararta tara, ta saka su nan take, ta kama hannuna ta ɗora a goshinta, yadda ake girmama manya a wurinmu, tana godiya. Manang na ƙarshen benci da kwanonta, tana kallon ƙafafun yarinyar. Da suka tafi ta ce, "Sun yi mata daidai, ko?"