Notin Keken Baba

Mahaifina injiniyan jiragen sama ne. Ƙarfinsa duk a Kano ya ƙare, cikin injin jirgi, amma duk Juma'a da yamma sai ya kamo hanyar Daura ya zo ya gan mu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata.

Mutumin nan bai yarda da noti ba. Ko na lilon da ya kafa mana a tsakar gida ne, sai ya huda shi, ya zura siririyar waya, ya murɗe da filaya, ya ɗaure ta a jikin ƙarfe. Wai haka ake yi wa jirgi, don kada girgiza ta kwance notin. Kuma ba ya hawa abin da bai shafa da yatsansa ba. Ɗan acaɓa ma sai ya tsaya an duba masa taya. Wallahi kunya yake ba mu.

Da ya yi ritaya, kullum da hantsi sai ya taka cikin gari ya gaida kakarmu, Hajiya. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hannun dama ya daina aiki. Muka sayo masa keken guragu. A fita ta uku taya ta fice a ƙofar gida, ya kife a gaban maƙwabta. Tun ranar ya ce ya gama fita. Bakanike ya zo ya ɗaure notin, Baba ya kalla ya kau da kai.

Aka yi wata biyu haka. Hajiya kuwa tana kwance, jiki ya yi tsanani, ba ta tasuwa, ga lungunsu ko keke napep ba ya shiga. Kullum aikenta ɗaya ne: ina ɗana? Shi kuma in an faɗa masa sai ya juya fuskarsa bango. Raina ya ɓaci. Na ce ba za ta tafi ba ta ji muryarsa ba, in dai ina numfashi.

Na kai notukan wajen mai walda a bakin kasuwa ya huda su. Na jawo akwatin kayan aikin Baba har gaban gadonsa, na zauna dirshan.

“Uwata, me za ki yi?”

“Abin da kake yi, Baba. In ba za ka koya mini ba, ka kalla.”

Na zura waya a notin taya na murɗe. Ɗaurin farko ya shafa da hannun hagu ya ce ya yi sako-sako, in yanke. Na biyu na murɗe da fushi har wayar ta tsinke. Na uku ya yi kyau, har ina murmushi. Ya shafa, ya girgiza kai.

“Kin ja ta ɓangaren da noti ke kwancewa. Taya shi kwancewa kika yi.”

Haba Baba! Saura kaɗan in yi jifa da filayar. Yatsuna duk sun tsage, ga mahaifiyata tana leƙowa tana cewa in bari sai gobe. Na ce babu wata gobe. Na yanke, na zura sabuwa, na ja ta ɓangaren da noti ke ɗauruwa, na murɗe a hankali, na lanƙwashe bakinta ciki don kada ta yagi rigarsa. Na yi wa ɗaya tayar haka.

Na turo keken dab da shi, na juyo masa notin. Allah ya jiƙan Baba. Mutumin da ko kekenmu na makaranta bai taɓa bari mu hau bai shafa ba, ya ɗago hannun hagu, na ɗauka wayar zai taɓa. Sai ya dafa kafaɗata.

“Ɗaga ni, Uwata. Hajiya na jira.”