Shekarar da Yunwa ta Gudu Daga Cikina

Bari in faɗa da bakina kafin Hajiya, uwargidana, ta riga ni: ni ne wawan wannan labari. Ranar tara ga watan azumi, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, na tsaya a bakin rijiyar unguwarmu da tsakar rana na sanar wa yara cewa na zama waliyyi. Hujjata kuwa mai ƙarfi ce. Su suna azumin rabin yini, suna laɓewa bayan rumbu suna tsotsar tsamiya, ni ko kwana tara ban ji yunwa ba, ban ji ƙishi ba. Ban kai ƙarshen wa'azin ba na yanke jiki na faɗi. Da guga biyu aka farfaɗo da waliyyi.

Asalin abin, da kaka aka tura ni korar tsuntsu a gonar dawa, na bar tsuntsu da dawarsa na hau kanya. Reshe ya karye, kaina ya sauka kan dutse, kwana uku ban san inda nake ba. Rauni ya warke, amma wata igiya ta tsinke tsakanina da jikina. Sai in yini kiwon awaki da ƙaya a tafin ƙafa ban sani ba. A wasan langa in kai wa yaro duka, a tambaye ni me ya ba ni haushi, in rantse ba na jin komai. Ranar da kakata ta rasu gida ya cika da kuka, ni ina tsaye kamar turmi.

Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta gane ƙishirwa za ta iya kashe mata ɗa a daji yana murmushi. Ta hana ni azumi. Safe da yamma ta zaunar da ni a tabarma, ta ɗora tafina a ƙirjina, sannan a cikina, ta ce, "Me ya ce maka?" In na ce bai ce komai ba, sai ta ce, "Jiki ba ya shiru, kai ne kurma." Ta biya mini kamar karatun allo: leɓe ya bushe, nemi randa, kunne ya ɗau zafi, fushi ne, bar wurin, maƙogwaro ya toshe, zo ka zauna kusa da ni. Muka fi shekara biyu a haka. Wata rana na dawo daga gona tana suyar ƙosai, cikina ya murɗa, na tsorata na ce mata an haƙa mini rami a ciki. Ta saki matsami ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu.

Bara mota ta buge jikana Bashir a unguwar Peckham, can ƙasar Turawa, yana aikin kai wa mutane abinci a keke. Ya tashi, amma sai ya manta da ci, ya riƙa kallon uwarsa kamar baƙuwa. Da muka zo duba shi ni da Hajiya, na raka shi appointment a asibiti, na ga likitar tana sa shi ɗora hannu a ƙirji, tana tambayarsa me yake ji. Ni da na tsaya a aji huɗu har na so in gyara mata aiki. Makon jiya a flat ɗinsu, gidan bene a unguwar Lewisham, ya daɗe riƙe da maƙogwaronsa, sannan ya ce da Turancinsu wai kamar baƙin ciki yake ji. Uwarsa ta rungume shi tana kuka a hankali, don a nan wanda ya yi guɗa maƙwabta su kira masa hukumar council. Na tuna Inna ƙwarai.

Don in ƙarfafa masa gwiwa na buga ƙirji na ce, "Dube ni, Bashir, shekara biyu na yi yunwa ba ta san gidana ba, ga ni garau."

Hajiya ta janye kwanon tuwo daga gabana ta ce, "Ai tun ranar da ta dawo ba ta sake fita ba, Malam. Bar wa yaro ya ci."