Saje Halliru, Wanda Ya Mayar Mini da Ƙafata

Dukkanmu na Allah ne, kuma inda ka tafi can za mu tarar da kai. Ranar Laraba, 7 ga Mayun 2025, da hantsi, ka faɗi a filin firamaren unguwarmu a Illela, inda muke motsa jiki, ba ka ƙara tashi ba.

Saje Halliru, shekara huɗu ke nan da ɓarin jikina na hagu ya shanye. Na bar rumfata ta canji, aka shimfiɗe ni a zaure, masu dubiya suna yi mini kallon gawa. Kai kaɗai ne ba ka ce mini sannu ba. Cewa ka yi, "Alhaji Junaidu, gobe muna atisaye." Na zaci ba'a ce, domin a rediyo na san kalmar, kan sojoji da 'yan ƙwallo. Ka ce a bariki sojojinmu na da suka tsince ta daga bakin Turawa, suka tanƙwara ta har ta zauna a harshenmu, kuma ma'anarta abin da mutum zai maimaita kullum har jiki ya bi umarni. Da taku uku muka fara, hannuna a kafaɗarka. Bayan wata tara na kai kaina masallacin Juma'a.

Ba kewa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba, har da ƙyama. A zaman makokinka wani abokin sana'ata, wanda tumbi ya hana shi ruku'u mai kyau, ya ce, "Mi tsoho ka biɗa ga hili? Atisaye yak kashe shi." Aka gyaɗa kai ana tauna dabinon sadakarka. Mutanen da ko bakin titi sai babur ya kai su, su ne yau suka san abin da ke kashe mutum. Wallahi miƙewa na yi, na fice ba sallama.

Maganar ta riga ni isa gida. Ɗana Sufyanu ya kulle takalmana a ɗakinsa, wai tausayina yake ji. Yau kwana shida ina zaune, ƙafar hagu ta fara nauyi, kuma na san inda wannan nauyin yake kai mutum.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya tabbatar da dugaduganka a kan siraɗi. Ina yi wa matarka Hajiya Mu'minat da 'ya'yanka, Abba da Ummu, ta'aziyya. Allah Ya ba ku haƙuri, kada ku saurari masu wannan zance.

Gobe bayan asuba zan fita filin ko ba takalmi. Idan na faɗi a can, a faɗa wa Sufyanu ajalina ne ya yi.