Yaya, Wa Ya Hau Da Ke Tsanin Nan?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, aka kira ni a asibitin da nake aikin jinya, aka ce yayata, injiniya a tashar da ke kula da taurarin ɗan'adam, ta faɗo daga tsanin babbar eriya, rai ya yi halinsa.

Yaya, ke kika riƙe ni bayan rasuwar Baba, a ɗakinki na yi karatu har na gama. 'Ya'yana Anti Tauraro suke kiranki. Ina tuna ranar da kika zaunar da su a kicin, kika ɗora lemo a kan tebur kika ce duniya ce. Kika ce wata shi ne tauraron da Allah ya rataya mana, naku kuwa na ƙarfe ne. Wasu suna kusa, suna gudu kamar an koro su, wasu suna bi ta saman duniya da ƙasanta suna ɗaukar hoto. Naki yana can nesa, yana juyawa daidai da juyin duniya, shi ya sa ake ganin kamar a tsaye yake. Mama ta leƙo ta ce, "Ke da ba ki iya ajiye mota daidai ba, ke ce mai tuƙa abu a sama?" Kika yi dariya har da hawaye.

Amma zuwanki na ƙarshe ba ki yi dariya ba. Kika ce tsohon tauraronku mansa ya kusa ƙarewa, dole a tura shi can sama, falakin da ake ajiye matattu, tun yana jin umarni. In ya mutu a inda yake, zai yi ta yawo ba linzami, yana iya karo da na wasu. Shugabanku ya ce a bar shi ya ci gaba da aiki. Kika ce mini, "Ƙanwata, zan faɗa wa kwamitin da ke sa ido. Ba zan yi shiru ba."

Ba ki kai ga zaman kwamitin ba.

Na yarda ajali ba ya jira, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Aikinki a ɗakin kwamfutoci yake, ba a kan eriya ba. Ni nake ɗaure miki gwiwar nan taki mai ciwo, na san matakalar gidanki ma sai kin dafa bango. Me ya kai ki tsani, da takalmin ofis? Mijinki ya nemi hoton kyamarar wurin, aka ce ranar ana gyaranta. Abokan aikinki uku sun zo gaisuwa, kowa da lokacinsa, kuma kowa ya ce, "Ita ta ce za ta duba da kanta, mun hana ta." Kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Ta ukun, wadda kuke cin abinci tare, ƙasa take kallo har ta tashi.

Mama ta ce, "Ku bar wa Allah." Mun bar masa, Mama, amma mun nemi a yi bincike, kuma duk ranar da aka ce mu dawo za mu koma. Ban kama sunan kowa ba. Tambaya nake yi, kuma har yau ba wanda ya dube ni cikin ido ya amsa.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, da mijinki, da 'yarki da ke shirin jarrabawa ba tare da ke ba. Allah ya ba mu haƙuri. Idan faɗuwa ce, ya wanke zuciyata daga zargin bayinsa. Idan kuwa da hannun wani, ya Allah, kai ka gani, ka bayyana shi muna raye.