Takardun da Na Tura Ƙarshen Aljihun Tebur

Mu biyar Baba ya haifa a unguwar Kurayyat ta Jidda, amma da za a tashe shi daga barci a tambaye shi, ɗaya zai ƙirga. Autanmu ke nan. Mu manyan Larabci ya cinye mana harshe, in Baba ya yi mana Hausa da Larabci muke mayar masa. Shi kuwa auta tun yana ƙarami yake zama gefen keken ɗinkin Baba yana kwasar Hausar tsofaffi, har ta kai in ya buɗe baki sai Baba ya dakata da taka keke ya saurara. Kayan sallarmu ma'aikatan shago ke ɗinkawa. Na auta kuwa Baba da hannunsa.

Baba yana son ba mu labarin annabin nan da yayyensa suka jefa rijiya. Duk sanda ya iso wurin rijiyar sai idonsa ya cika. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, tausayin yayyen nake ji.

A Jidda aka haife mu, amma katin iƙama, wato izinin zama, shi ne kawai ke riƙe da mu a ƙasar. Da yake ni ne babba, in lokacin sabuntawa ya yi ni ke tattara katunan gida da fasfo in kai wa kafilinmu, Balaraben da muke zaune ƙarƙashin sunansa. A shekarar da auta ya cika sha tara, Baba ya faɗa a gaban kowa cewa shi zai bar wa shagon. Ni da na shekara goma ina buɗe shi ina share shi. Washegari na haɗa takardu, na zare na auta, na tura su can ƙarshen aljihun tebur.

Mako ɗaya na yi niyya. So nake in ce yaron bai kawo nasa ba, Baba ya ɗaga masa murya ko sau ɗaya ne ina kallo. Kafin makon ya cika kafili ya tafi jinya ƙasar waje, tafiyar ta yi tsawo, katin ya mutu. Na kasa fito da takardun, don in na fito da su sai na faɗi dalili. In auta ya tambaya sai in ce, “Suna wurin kafili. Halas, shi ke nan, kar ka dame ni.”

A hanyar Aziziyya masu binciken takardu suka tare shi, ya tafi kai ɗinki. Muka yi ta zirga-zirga, babu wanda zai sa mana hannu. Bayan 'yan makonni aka ɗauki hoton yatsunsa, aka sa shi a jirgin Kano, garin da bai taɓa gani ba sai a bakin Baba. Kowa ya ɗora laifin a kan kafili, ni ma na taya su.

Na samu abin da nake so, ban taɓa jin daɗinsa ba ko na yini ɗaya. Baba ya daina fita, ya rame. Shekara shida yana jiran a ɗage wa ɗansa hanin shigowa. A ciwonsa na ƙarshe, in na ɗaga shi zan ba shi ruwa sai ya shafa fuskata, ya gane ni ne, ya ce, “Allah ya yi maka albarka,” da muryar da ake gode wa maƙwabci.

Ni na yi masa wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi. Muna dawowa daga maƙabarta auta ya kira daga Kano. Na riga na shirya, na ce yau zan gaya masa komai.

“Yaya,” ya ce, “ka tsaya wa Baba a madadina. Ban san da me zan saka maka ba. Ka yafe mini da na bar ka kai kaɗai.”

Na ce masa na yafe.