An Cire Wa Sule Mari

An cire wa ɗana Sule mari yau. Assalamu alaikum jama'a, murna ce ta mantar da ni gaisuwa.

Tun da ya samu taɓin hankali muka ɗaure shi a ɗakin baya, nan Zandam. Ni da hannuna na kulle marin.

Jikata Rabi ta samu aiki da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, masu fitowa daga Birnin Kudu da mota duk inda ciwon wani ya tashi. Da suka iso tare da ita, na tara ƙarti su danne shi. Ta ce kowa ya ja baya, ta cire takalmi a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum, Baffa. In shigo?"

Sule ya ce, "Shigo, Rabi. Yaushe rabon da a yi mini sallama?"

Na kasa ɗaga kai. Ni ubansa, kwano kawai nake tura masa.

Da kansa ya karɓi magani. Yanzu yana ƙofar gida, wanzami na yi masa aski. Duk wanda ya san Sule, ya zo ya gan shi.